Zaɓen LNB na dish: abubuwan da ake dubawa kafin lambar da ke jikin kwali

Da wuya mutum ya bi layi guda a unguwar Tudun Wada da ke birnin Gombe bai ga dish a kan rufin kwano ko a jikin katanga ba, tun daga gidajen iyali har zuwa ɗakunan hayar ɗalibai da ke kewaye da Jami'ar Jihar Gombe, da gidajen kallon ƙwallo. Idan damina ta kankama a watannin Yuli da Agusta, hadari na haɗuwa hoto zai fara tsinkewa, murya ta riƙa sarƙewa, daga nan allo ya nuna babu sigina. Abin da aka fi ɗora wa laifi a irin wannan lokaci shi ne ɗan kan nan da ke maƙale a ƙarshen hannun dish yana fuskantar farantin, wanda masu sana'ar ke kira LNB.

Abin da yakan biyo baya sananne ne. Mai gida zai je shagon kayan lantarki ya ce a ba shi «mai ƙarfi», a miƙo masa wanda aka rubuta 0.1 dB a jikin kwalinsa, ya biya ya dawo. Wani lokaci matsalar takan kau. Sau da yawa kuma ruwan sama na gaba yana sauka hoton zai sake ɗaukewa, domin tun farko ba a nan ciwon yake ba, ko kuma an sayo wanda bai dace da farantin da dikodar ba. Wannan lamba da ake tallar LNB da ita ce ya kamata ta zo ƙarshe a lissafin mai saye. Akwai tambayoyin da suka riga ta: wane tauraro ake nema, wane irin faranti ake da shi, dikoda nawa za a haɗa, kuma yaya za a ɗaura shi a wuri kamar Gombe.

Aikin da LNB ke yi

Taurarin ɗan'adam da ke watsa talabijin suna shawagi ne a nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya gida biyu. A wannan nisa, tauraro yana kammala zagaye ɗaya daidai da juyawar duniya sau ɗaya, saboda haka mai kallo daga ƙasa yana ganinsa a tsaye wuri guda. Saƙon da ke isowa daga can ya yi rauni ƙwarai. Farantin dish ba ya ƙara masa komai na lantarki. Aikinsa kawai ya tattaro igiyoyin da suka faɗo a kansa ya mayar da su wuri ɗaya, kamar yadda madubi mai lanƙwasa ke tara hasken rana. A daidai wannan mattara ake kafa LNB.

Sunan taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci da ke bayyana ayyukansa. Na farko, yana ƙara wa siginar ƙarfi ninki dubbai ba tare da ya cika ta da hayaniyarsa ta kansa ba. Na biyu, yana sauko da firikwansin, wato yawan kaɗawar igiyar a daƙiƙa guda, daga sama zuwa inda waya za ta iya ɗauka. Siginar da ke kaɗawa sau biliyan 12 a daƙiƙa ba za ta yi nisa a cikin wayar gida ba sai ta dusashe. Don haka a cikin LNB akwai wata 'yar na'ura da ke samar da nata firikwansin, a haɗa shi da wanda ya zo daga sama, a fitar da bambancin da ke tsakaninsu. Idan tashar tana kan megahaz 11,000 kuma na'urar tana bayar da 9,750, abin da zai gangaro zuwa ɗaki shi ne 1,250. Duk dikodojin dish an ƙera su ne su karɓi abin da ke tsakanin megahaz 950 da 2,150.

LNB ba shi da wayar wuta tasa daban. Dikoda ce ke aika masa wuta ta cikin wayar da ke kawo hoton, kuma da ƙarfin wutar take ba shi umarni. Tashoshin tauraro suna zuwa ne a igiyoyi iri biyu, na tsaye da na kwance, domin a ninka yawan abin da za a iya aikowa. Idan dikoda ta tura bolt 13, LNB zai saurari na tsaye. Idan ta tura bolt 18, ya koma na kwance. Wannan ɗan bayani yana da amfani a gaba, domin yawancin matsalolin «rabin tashoshi sun ɓace» daga nan suke tasowa.

Masu amfani da GOtv, ko StarTimes na eriya, wannan magana ba ta shafe su ba. Nasu saƙon daga hasumiyar da ke ƙasa yake zuwa, babu LNB a cikin lamarin.

Wane tauraro, wane zango

Tambayar farko ita ce zangon da tashoshin da ake so suke. Talabijin ta tauraro tana amfani da manyan zanguna biyu, kuma LNB na ɗaya ba ya jin ɗayan ko kaɗan.

Zangon Ku yana tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75. Shi ne na ƙananan farantai masu faɗin santimita 60 zuwa 90 ko 120. DStv a Najeriya yana zuwa ne daga tauraron kamfanin Eutelsat da ke digiri 36 gabas, StarTimes na dish kuma daga SES-5 da ke digiri 5 gabas. Akwai tashoshin kyauta a kan Eutelsat 16A a digiri 16 gabas, da matsayin digiri 28.2 gabas inda tashoshin Ghana suke. Masu neman tashoshin Larabci da karatun Alƙur'ani sukan juya zuwa Nilesat a digiri 7 yamma ko Badr na Arabsat a digiri 26 gabas, sai dai Najeriya tana gefen inda waɗannan suka fi haskawa ne, don haka sukan bukaci faranti babba. Tauraron Najeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamban 2011, yana digiri 42.5 gabas.

Kusan duk LNB na zangon Ku da ke kasuwa yanzu irin wanda ake rubuta wa Universal ne. Yana da firikwansin ciki guda biyu, 9,750 don ƙasan zangon da 10,600 don samansa, kuma dikoda tana sauya tsakaninsu da wata 'yar ƙara ta kilohaz 22 da take sakawa cikin wayar. Akwai tsofaffin samfura masu lamba ɗaya tak, kamar 10,750 ko 11,300. Duk lambar da ke jikin LNB, dole ita ce za a saka a saitin dikodar. Idan suka saɓa, dikoda za ta nemi tasha a inda babu ita, a yi ta juya faranti har rana ta faɗi ba a ga komai ba.

Zangon C yana tsakanin gigahaz 3.4 da 4.2, lambar cikinsa kuma 5,150. Yana bukatar babban faranti, galibi daga mita 1.8 zuwa sama, irin waɗanda ake gani a otal-otal, gidajen talabijin da tsofaffin gidajen da suka fara kafa dish. Fa'idarsa ita ce ruwan sama bai cika damunsa ba. Tsawon igiyar zangon C ya kai santimita 7 da rabi, na Ku kuwa kimanin 2 da rabi ne, kuma gwargwadon gajartar igiya gwargwadon yadda ɗigon ruwa ke shanye ta yana warwatsa ta. Wasu tashoshin zangon C suna zuwa da igiya mai murɗawa maimakon tsaye ko kwance. Waɗannan sai an zura wani ɗan fallen roba na musamman a cikin maƙogwaron LNB kafin a kama su da kyau.

Wani sabon al'amari ya shigo wa masu zangon C. A watan Disamban 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 domin fasahar 5G, inda MTN da Mafab suka yi nasara, daga baya Airtel ya samu nasa. Wannan zango yana cikin abin da tsohon LNB na C ke saurare. Hasumiyar waya da ke unguwa ta fi tauraron da ke nisan dubban kilomita ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka idan aka kunna 5G kusa da gida tana iya toshe wa LNB kunne, hoto ya riƙa daskarewa ko da sama tas take. Duk mai sayen LNB na zangon C a yau ya fi masa alheri ya nemi mai matatar 5G, wanda ke yanke ƙasan zangon ya fara ji daga wajen gigahaz 3.7 ko 3.8. Asarar da ke ciki ita ce tashoshin da ke ƙasa da wannan iyaka ba za su fito ba. Masu ƙananan farantan Ku ba su da wannan damuwa.

Lambar jikin kwali

Kowace na'urar lantarki tana da tata hayaniyar, irin «shuu» ɗin da ake ji a rediyo tsakanin tasha da tasha. Lambar da ake rubutawa da desibel a kwalin LNB na Ku tana nuna yawan hayaniyar da shi kansa yake ƙarawa. A zangon C kuma ana rubuta ta da ma'aunin Kelbin, kamar 17K. A ƙa'ida, ƙanƙantar lambar ita ce kyawunta. Matsalar ita ce babu wanda ke tilasta wa masu ƙerawa su auna ta hanya ɗaya. Wani zai rubuta mafi kyawun abin da ya samu a wuri ɗaya cikin zangon, wani ya rubuta matsakaici, wani kuwa, musamman a kayan jabu, ya rubuta abin da ya san kasuwa na so.

Ɗan lissafi yana nuna dalilin shakku. Idan aka mayar da 0.7 dB zuwa ma'aunin Kelbin, yana kusan 51. Lambar 0.3 dB tana kusan 21, 0.1 dB kuwa ba ta kai 7 ba. Irin wannan shiru na ƙarshe, masu nazarin sararin samaniya sai sun sanyaya na'urorinsu matuƙa kafin su same shi. Da wuya a yarda cewa ɗan kan roba mai araha da ke gasuwa a rana kan rufin kwano a watan Afrilu ya cimma hakan. LNB na kamfani mai suna da ya rubuta 0.5 ko 0.6 bisa gaskiya yana iya fin wanda ba a san asalinsa ba da ya rubuta 0.1.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai fama da damina. Ruwan sama ba rage sigina kaɗai yake yi ba, shi kansa yana ƙara hayaniya a abin da farantin ke ji daga sama. A lokacin da ake tsuga ruwa, hayaniyar sama tana iya rinjayar ta LNB, sai ɗan bambancin da ke tsakanin wannan samfuri da wancan ya zama ba a bakin komai ba. Wato a daidai lokacin da aka fi bukatar taimakon lambar, a lokacin ne ta fi rashin tasiri. Abin da ke taimakawa shi ne girman faranti. Sigina tana ƙaruwa ne da faɗin filin farantin: daga santimita 60 zuwa 90 filin ya ninka sau biyu da kwata, wato ƙarin desibel 3 da rabi, daga 90 zuwa 120 kuma ƙarin kimanin desibel 2 da rabi. Babu LNB na gida da zai ba da irin wannan riba a kan wani lafiyayyen LNB. Wanda hotonsa ke ɗaukewa da an fara yayyafi, kuɗinsa ya fi amfani a babban faranti da saiti mai kyau. Ruwa kamar da bakin ƙwarya kuwa, ko da farantin santimita 120 sai an ɗan jira ya tsagaita. Wannan ɗabi'ar zangon Ku ce a ƙasashe masu zafi.

Lamba ta biyu da ake gani ita ce ta ƙarfin haɓakawa, galibi tsakanin desibel 50 da 65. Ita ma ana yi mata mummunar fahimta. LNB yana haɓaka sigina da hayaniya tare, don haka babbar lamba ba ta tsabtace hoto. Amfaninta shi ne idan wayar tana da tsawo, kamar a gidan bene ko inda aka kafa faranti a bayan gida nesa da falo. A gajeriyar waya, ƙarfin da ya wuce kima yana iya cika dikoda har ingancin ya ragu. Shi ya sa a shafin sigina na dikoda ake ganin layi biyu, na ƙarfi da na inganci. Na ƙarfi yakan cika ko da farantin yana kallon bango, muddin LNB na samun wuta. Na inganci shi ne ke nuna ko akwai hoto, kuma shi ne abin lura wajen gwada sabon LNB da tsoho.

Abin da ya cancanci a nema a kwali, wanda ba a cika tallarsa ba, shi ne haruffan PLL. Tsohuwar fasaha, DRO, firikwansin cikinta yana ɗan gocewa idan zafi ya sauya. A Gombe, inda zafin rana a Maris da Afrilu yakan kai digiri 40 kuma sanyin asubahin hunturu ya sauko ƙasa sosai, wannan gocewa tana iya sa ƙananan tashoshin kyauta masu siririyar sigina su fito da dare su ɓace da rana. Mai PLL yana riƙe lambarsa da ƙwayar kiristal, ba ya yawo haka.

Yawan ƙofofi

LNB mai ƙofa ɗaya na dikoda ɗaya ne. A gidajen haya ana yawan ganin an saka marabar waya an raba shi gida biyu, sannan a yi ta mamakin yadda idan maƙwabci ya sauya tasha hoton ɗaya ɗakin ke ɗaukewa. Dalilin shi ne wancan umarni na bolt 13 da 18: LNB ba zai iya sauraron tsaye da kwance a ƙofa ɗaya lokaci guda ba, kuma wanda ya turo wuta mafi ƙarfi shi ke rinjaye. Maganin shi ne mai ƙofa biyu, wanda ake rubuta wa Twin, ko mai huɗu, Quad, ko mai takwas, Octo. Kowace ƙofa tana zaman kanta, kowace dikoda da wayarta har zuwa kan faranti. Ga gidan kallon ƙwallo mai nuna wasa biyu ko uku a lokaci guda, ko gidan ɗalibai mai ɗakuna da yawa, faranti ɗaya babba da LNB mai ƙofa huɗu ya fi ƙananan farantai huɗu jure ruwa.

A nan akwai tarko. Quad da Quattro dukansu ƙofa huɗu gare su, a ido kamar tagwaye, amma aikinsu daban. A Quattro kowace ƙofa tana fitar da kashi ɗaya ne kawai cikin huɗu na tashoshin, kuma an yi shi ne don a haɗa da akwatin rarrabawa irin na otal. Wanda ya haɗa shi kai tsaye da dikoda zai ga wasu tashoshi ƙalilan, sauran babu.

Dikodojin DStv Explora, masu iya naɗar wani shiri yayin da ake kallon wani, suna aiki ne da abin da kamfanin ke kira Smart LNB. Wannan yana amfani da tsarin Unicable, inda waya ɗaya ke ɗauke da hanyoyi da yawa, kowace an ware mata nata firikwansin. Idan ya lalace, LNB na gama-gari ba zai maye gurbinsa yadda ya kamata ba, kuma idan an haɗa dikoda biyu a kansa sai an ba kowace lambar hanyarta daban a saiti.

Mai son kama tauraro fiye da ɗaya yana bukatar LNB ga kowanne, a haɗa su da ɗan makunnin DiSEqC, tsarin da Eutelsat ya ƙirƙiro. Samfurin 1.0 yana ɗaukar huɗu, 1.1 har goma sha shida, 1.2 kuma yana juya faranti mai mota. Akwai LNB mai kai biyu a jiki ɗaya da ke shigowa cikin kayan Turai, wanda aka ƙera da tazarar digiri 6 don taurarin Hotbird da Astra. A nan ba shi da wani amfani sosai.

Dacewa da faranti, da murɗin da ake mantawa

Farantai iri biyu ne. Ƙananan na Ku masu siffar ƙwai, waɗanda hannunsu ke fitowa daga ƙasa, LNB ɗinsu yana gefe ba ya tare sigina. Manyan masu zagaye kuwa LNB yana tsakiya ne a kan ƙafafu uku ko huɗu, kuma sun fi zurfi. Bakin kowane LNB an ƙera shi ne ya ga wani faɗi takamaimai. Idan aka ɗora na ƙaramin faranti a kan babba mai zurfi, tsakiyar kawai zai gani, gefen ya tafi a banza. Mutum ya sayi mita 1.8 yana cin moriyar abin da bai kai haka ba. Idan aka yi akasin haka, LNB zai hango har bayan gefen farantin, ya kwaso hayaniyar ƙasa da rufin gida. Ga masu neman Nilesat da babban faranti mai zagaye, neman LNB na Ku da aka yi don irin wannan faranti ya fi neman ƙaramar lamba amfani. Wuyan LNB na ƙananan farantai galibi milimita 40 ne. Yana da kyau a tabbatar zai zauna daram a mariƙinsa, kuma a gwada matsar da shi gaba ko baya kaɗan ana kallon layin inganci.

Sai murɗi, wanda a wannan yanki ya fi komai tasiri kuma ya fi komai shan watsi. Gombe tana wajen digiri 10 arewa da layin tsakiyar duniya, da digiri 11 gabas. Da yake tana kusa da layin, taurarin suna can sama sosai: SES-5 da Eutelsat 16A suna wajen digiri 76 daga ƙasa, Nilesat wajen 66, na DStv wajen 59 ta gabas maso kudu. Kusancin yana kuma nufin cewa abin da tauraro ke kira «tsaye» ba ya isowa a tsaye. Gwargwadon nisan tauraron gabas ko yamma, gwargwadon karkacewarsa. Lissafi yana nuna cewa daga Gombe murɗin yana wajen digiri 25 ga Eutelsat 16A, wajen 30 ga SES-5 ta ɗaya ɓangaren, kusan 60 ga Nilesat, sama da 60 kuma ga digiri 36 gabas. A Turai irin waɗannan lambobi ƙanana ne, shi ya sa hotunan da ke jikin kwali ke nuna LNB a miƙe wayarsa na kallon ƙasa. Wanda ya kwaikwayi hoton a Tudun Wada zai sa igiyoyin tsaye da na kwance su riƙa shiga juna, ƙarfi ya nuna ya cika amma inganci ya ƙi tashi.

Wannan ne ma ya sa sabon LNB wani lokaci yake «gyara» matsala: wajen ɗaura shi an murɗa shi daidai ba da sani ba, alhali tsohon lafiyarsa ƙalau. Haka nan yakan faru a cire lafiyayye a saka sabo a miƙe, a ce sabon jabu ne. Kafin a kwance tsohon, yana da kyau a yi wa mariƙin alama a inda yake. Bayan an ɗaura sabon, a murɗa shi sannu a hankali hagu da dama har layin inganci ya kai ƙololuwa, a gwada a tashar tsaye da ta kwance, sannan a ɗaure.

Kafin a yanke wa LNB hukunci

Alamomi sukan nuna inda matsala take. Idan ƙarfi da inganci duka sun koma sifili, ko dai LNB ya mutu, ko waya ta yanke, ko dikoda ta daina tura wuta. Tsawa takan haddasa kowanne daga ciki, shi ya sa cire waya lokacin hadari mai walƙiya ba tsohon yayi ba ne. Idan ƙarfi yana nan inganci ya faɗi, musamman bayan iskar farkon damina, farantin ne ya goce. Faranti mai santimita 90 yana ganin abin da bai wuce faɗin digiri 2 na sama ba, don haka ɗan motsin da ido ba zai lura da shi ba ya isa ya kawo saƙon E48-32 a allon DStv. Idan kuwa rabin tashoshi ne suka ɓace, a fara zargin waya. Waya mai arha wadda cikinta ƙarfe ne aka shafa wa tagulla tana zubar da wuta a hanya, bolt 18 ya iso kan faranti bai cika ba, LNB ya ɗauka umarnin tsaye aka ba shi. Wayar RG6 mai tagulla zalla ita ce daidai ga gida, kuma ko ita tana asarar kusan desibel 30 a kowace mita 100 a saman zangon. Idan nisan ya yi yawa, RG11 ta fi.

Ruwa yana shiga ta wuri biyu. Na farko mahaɗin waya da LNB, wanda idan ba a rufe shi da hular roba ko tef mai manne kansa ba, yakan yi tsatsa kore, ruwan ma ya bi cikin wayar har ɗaki. Barin wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga bango yana sa ruwan ya ɗige a waje. Na biyu murfin robar da ke bakin LNB, wanda rana ke cinyewa har ya tsage. Da ya tsage, raɓa da ƙura za su shiga, zanzaro ma yakan gina ɗakinsa a ciki. Wajen saye, murfi mai kauri da jiki mai nauyi wanda aka liƙe mahaɗarsa da kyau sun fi kowace lamba faɗin gaskiya game da daminar da zai gani. Ƙurar hunturu ita kanta ba ta cika rage sigina ba, goge faranti da busasshen tsumma ya wadatar. A kashe dikoda daga soket kafin a kwance ko a ɗaura waya, domin siririn gashin waya ɗaya da ya taɓa tsakiya yana iya ƙona sashen da ke ba LNB wuta.

Akwai kuma ɗaukewar da ba ta bukatar sayen komai. Sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba a wannan yanki, rana takan bi daidai ta bayan tauraron idan aka duba daga faranti. Hayaniyarta takan danne siginar na 'yan mintoci, a kusan lokaci ɗaya kowace rana, na tsawon 'yan kwanaki. Ga taurarin da ke gabas kamar na DStv abin yakan faru da hantsi, ga na yamma kamar Nilesat kuma bayan rana ta karkata, sannan hoton ya dawo da kansa.